Aikin Bishiya da Lafiyar Jiki: Yadda Yanayi da Wurin Aiki Ke Jawo Rauni

Idan an ce aikin bishiya, hankali kan tafi ga masu injin sare itace. Amma makiyayin da ke hawa gawo da barandami don ya sassaro wa dabbobinsa ganye a tsakiyar rani yana ciki, haka yaron da aka tura ya kaɗo mangwaro, da manomin da ke sassabe kafin faɗuwar damina, da mai ɗiban ganyen kuka ko ɗorawa, da mai ɗaura amya, da maigidan da ya ɗauki adda zai rage reshen darbejiyar da ke gogar kwanon ɗakinsa. Ta fuskar lafiya duk aiki ɗaya suke yi. Ko dai suna nesa da ƙasa, ko suna ƙarƙashin abu mai nauyi, da makami mai kaifi a hannu, kuma a fili inda rana da iska da ruwa ke samunsu kai tsaye.

Bishiya ɗaya takan zama mai sauƙi yau, gobe ta zama mai kisa. Reshen da ya ɗauke ka lafiya a watan Disamba yana iya zame maka santsi a watan Agusta, kuma hannun da ya riƙe gatari gam da hantsi yana iya sakinsa da azahar. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana asibiti daga wannan aiki ƙwararru ne da suka shekara suna yi. Idan aka bi labarin, sai a tarar yanayin ranar ko yanayin wurin ne ya canza, su kuma suka yi aikin yadda suka saba.

Abin da faɗowa ke yi wa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa iri-iri tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma a cikin raunukan da ba na ganganci ba hatsarin hanya ne kaɗai ya fi ta kisa. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 3, wato kamar saman ɗaki, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 6 gudun ya kusa 40, daga mita 10 kuwa ya kai 50, tamkar mota ta buge mutum a cikin gari. Giginya da rimi suna wuce wannan tsayi nesa ba kusa ba.

Yadda aka sauka ne ke nuna inda za a nemi rauni. Wanda ya dira da ƙafa yakan fasa ƙashin diddige, ƙarfin dirar kuma ya bi ta sama ya murƙushe ƙashin baya, shi ya sa likita ke duba bayan mai kukan diddige ko da bai ambaci baya ba. Wanda ya tare da hannu yakan karye a wuyan hannu, yaro kuma a gwiwar hannu. Wanda ya faɗi ta gefe yana iya karya haƙarƙari ya fasa saifa ko hanta, jini ya riƙa zuba a ciki ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Abin da ke ƙarƙashin bishiyar ma yana da nasa rabo: ƙasar rani mai tauri kamar siminti, kututture, dutse, turken dabba, ko katanga mai fasassun kwalabe.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu ne mangwaro da ɗorawa ke nuna, a lokacin ake sassabe, kuma a lokacin ciyawa ke ƙarewa makiyaya su koma ga ganyen itatuwa. Wato watannin da aka fi hawa bishiya su ne watannin da suka fi zafi. A Sakkwato, Maiduguri, Nguru, Yamai da Damagaram zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma wannan awon a inuwa ake yin sa. Wanda ke tsakiyar rana jikinsa yana jin abin da ya fi haka da kusan digiri 8.

Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar bushewar gumi a kan fata. Mai sara da gatari cikin irin wannan zafi yana iya zubar da lita ɗaya na gumi a awa guda, ko fiye. Idan ba a mayar ba, jini yana raguwa, zuciya tana ƙara sauri, jinin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu. A ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, abin ya fi muni, domin gumin yana fita amma ba ya bushewa, saboda haka ba ya sanyaya komai.

A ƙasa, wanda jiri ya ɗauka yana iya zama ya huta. A kan reshe, jirin daƙiƙa biyu ya isa. Kafin jirin ma, ƙarancin ruwa yana rage natsuwa da saurin kauce wa abu, tafin hannu mai gumi kuma yana sakin ƙotar gatari.

Cutar zafi tana zuwa hawa-hawa. Farko tsokar ƙafa ko ta ciki ta ɗaure. Sai galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, gumi sharkaf, amma mutum yana cikin hayyacinsa. Irin wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kuma aikin ranar ya ƙare ke nan. Idan bai dawo daidai ba cikin minti 30, a tafi asibiti.

Mataki na ƙarshe shi ne bugun zafi, inda zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. Babbar alamarsa canjin hankali ce: sambatu, faɗa babu dalili, tangaɗi, jijjiga, ko suma. Kada ku jira sai gumi ya ɗauke, domin mai aikin ƙarfi yana iya shiga wannan hali yana gumi. Sau da yawa iyali kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko iska ce ta taɓa shi, a ɓata lokacin da ya fi kowane tsada. Abin yi shi ne sanyaya jiki nan take: a cire riga, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da ake da shi daga wuya zuwa ƙafa, ana fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi idan akwai, a ci gaba da haka har cikin mota. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, don yana iya shiga huhu.

Hanyar kariya mafi ƙarfi ita ce zaɓen lokaci. Yi aikin hawa da sara daga bayan asuba zuwa hantsi, ka bar tsakiyar rana, ka koma bayan la'asar. Sha ruwa kafin ka ji ƙishi, kamar ledar ruwa ɗaya ta rabin lita duk minti 30 idan aikin mai nauyi ne, amma kada ka wuce lita ɗaya da rabi a awa, domin ruwan da ya yi yawa yana tsinka gishirin jini. Abinci da kunu da fura suna mayar da gishirin da gumi ya fitar. Idan tsoka tana ɗaurewa, ruwan gishiri da sukari yana taimakawa: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsarinka shi ne ma'auninka. Idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja, kana bin jikinka bashin ruwa. Idan ya koma kalar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, tsoka ce ke narkewa, kuma ƙoda na cikin hatsari, a je asibiti a ranar. A nan ne ɗabi'ar haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen kowane dare ke yin ɓarna, domin suna rage jinin da ke shiga ƙodar da ta riga ta bushe.

Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi. Ɗalibin da ya dawo hutu, da wanda ya tashi daga jinya, da baƙon da ya zo daga Jos ko Mambila, kada a haɗa su da wanda ya saba tun ranar farko. Mai azumi kuma ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ya taƙaita hawa ga sanyin safiya. Idan alamun galabaita suka bayyana ya sauko, idan suka tsananta ya sha ruwa, batun ramuwa kuma ya tambayi malamai.

Damina

A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, kuma iska ce ke riga ruwa isowa, da ƙura a gabanta. Tsakanin lokacin da ka ga gabas ta yi baƙi da lokacin da iskar za ta iso, wani lokaci mintuna kaɗan ne, kuma saukowa daga bishiya ya fi hawa cin lokaci. Da zarar ka ga hadari ya haɗu, sauko, ko saura sara uku reshen ya faɗi. Bishiya mai cikakken ganye tana tare iska kamar zanen da aka shanya, shi ya sa iskar da ba za ta motsa ta a rani ba take karya ta a damina. Ko babu hadari, idan manyan rassa suna kaɗawa da kansu, iskar ta kai kimanin kilomita 40 a awa, kuma ba ranar hawa ba ce, ba ranar kayar da itace ba ce. Itacen da aka sare rabi yana bin iska ne, ba ya bin inda mai sara ya nufa.

Tsawa tana neman abu mafi tsayi a fili, kuma a gona wannan abu bishiya ce. Ba sai ta faɗo a kan mutum take kashe shi ba. Takan sauka a bishiya ta yi tsalle zuwa wanda ya raɓe a gindinta, ko ta bazu ta cikin ƙasa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, abin da ke kashe garken shanu gaba ɗaya a ƙarƙashin itace guda. Sauti yana cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, saboda haka idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, tana cikin kilomita 10 daga inda kake, kuma tana iya samunka. Mafaka ta gaskiya ita ce ginannen ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe da gilasanta a rufe. Bukkar gona da rumfa da gindin bishiya suna tare ruwa, ba sa tare tsawa. Idan babu ko ɗaya, nisanci dogayen itatuwa, ajiye gatari da gora, ku rarrabu kada ku cunkushe wuri ɗaya, kuma kada a kwanta a ƙasa. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma aiki.

Wanda tsawa ta buga babu wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take. A wasu wurare ana cewa sai an zuba nono kafin a taɓa, kuma kafin a samo nonon an rasa mutumin. Abin da ke kashe shi tsayawar zuciya da numfashi ne. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana hura masa iska sau 2 bayan kowace danna 30 idan an iya. Idan mutane da yawa ta buga, a fara da wanda ya yi shiru, domin mai ihu yana numfashi.

Bayan ruwa ya ɗauke ma akwai sauran aiki. Jiƙaƙƙen ɓawo yana santsi, musamman na kuka mai sulɓi, kuma icen kuka da kansa mai taushi ne, turakun da ake kafawa a jikinta don hawa suna iya zarewa. A watan Agusta, idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, saiwa tana rasa abin riƙo. Bishiyar da ta yi sabon karkata, ko wadda ƙasar gindinta ta tsage ko ta kumbura ta gefe ɗaya, ta riga ta fara faɗuwa. Ƙafar tsani ma tana nutsewa ta ɓangare guda.

Itacen da iska ta kayar ya fi wanda ke tsaye wuyar sha'ani, ko da yake a ido ya fi sauƙi, shi ya sa unguwa kan fito da adduna washegarin ruwa. Rassan da ya danne a tanƙware suke kamar baka, idan aka sare su sai su ɓalle su doki fuska ko ƙirji. Idan aka raba gangar da gindin, tushen da ya tuge yana iya komawa raminsa da nauyin ƙasar da ke manne da shi, kuma yara suna son wasa a cikin wannan rami. Sannan a ɗaga kai a duba karyayyun rassan da suka maƙale a sama, a kuma duba ko akwai wayar wuta cikin ganyen.

Hunturu

Sanyin asuba na Disamba da Janairu yana sandarar da yatsu, riƙo ya yi rauni, saboda haka a wannan lokaci gara a bari rana ta ɗan ɗaga. Kaushi da faso suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, a shafa mai a kuma sa safar hannu. Hazo yana ɓoye busasshen reshe da waya, ƙura tana tayar da asma, sanyi da bushewa kuma suna tayar da ciwon masu sikila. Iskar hunturu tana shanye ruwan jiki ba tare da an ga gumi ba, don haka shan ruwa bai faɗi ba. Itacen da gobarar daji ta ci gindinsa yana iya tsayawa kwanaki sannan ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba.

Duba wurin kafin ka ɗaga gatari

Zagaya bishiyar sau ɗaya. Nemi hanyar gara a jikinta, kogo, tsagewa a inda reshe ya haɗu da ganga, da reshen da ba shi da ganye alhali sauran suna da shi. Gawo kam a damina yake zubar da ganye ya fitar a rani, don haka rashin ganyensa a damina ba mutuwa ba ne. Buga gangar da bayan gatari. Idan ta yi amo kamar ganga, cikinta rami ne. Bishiyar turare an san ta da sakin reshe ba zato.

Idan kayarwa za a yi, kowa ya ja baya ninki biyu na tsayin itacen, a share hanyar gudu ta baya a karkace kafin a fara sara, a kuma sa babba ɗaya wanda aikinsa kawai korar yara da dabbobi. A gangare a tsaya ta sama da itacen. Tsani kuma, duk tsayin mita 4 ƙafarsa ta yi nisan mita 1 daga gindi, a ɗaure samansa, wani ya riƙe ƙasansa. Ba a aiki da injin sare itace a kan tsani ko sama da kafaɗa. Silifas da babbar riga ba kayan hawa ba ne. Hular kwano, tabarau, takalmi mai rufi, da ɗamarar tsaro irin ta ma'aikatan lantarki su ne kayan wannan aiki. Inda gora mai ƙugiya za ta isa, babu dalilin hawa, musamman ga yara.

Wayar lantarki tana kashe masu rage rassa a cikin gari farat ɗaya. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙe ya fi, kuma manyan layukan da ke ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000 wutarsu tana tsalle ta kama abu tun bai taɓa su ba. Kai da gorarka da reshen da za ka sare, kada ɗayanku ya matsa ƙasa da mita 3 daga waya. Idan aikin bai yiwuwa sai an matsa, na kamfanin rarraba wuta ne, su kashe layin. Cewa "ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, don ana iya dawo da ita kowane lokaci, kuma janaretan maƙwabci da ba a haɗa daidai ba yana iya tura wuta cikin layin. Wayar da ta faɗo ƙasa a ba ta mita 10, kuma kada a taɓa wanda ta kama sai an tabbatar an kashe. Wanda wuta ta ja ya je asibiti ko ƙunar da ake gani ƙarama ce, saboda ɓarnar tana cikin tsoka da bugun zuciya.

Tsaya ka kalli kogo da manyan rassa na minti ɗaya ko za ka ga ƙudan zuma ko rina suna shige da fice. Ƙarar inji da bugun gatari suna tunzura su, kuma wanda suka rufe a sama yakan saki hannu. Idan sun taso, rufe fuska ka yi nisa ka shiga ɗaki, sannan a kankare ƙarin da wuri. Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, wahalar numfashi, ko jiri bayan harbi ko da ɗaya ne, alamar jiki ya yi mummunan bore ne, kuma allurar adirenalin ce maganinsa, ƙwayar firiton ba ta isa ba. Wanda ya sha harbi masu yawa, musamman yaro, a kai shi a duba ƙodarsa.

Macizai sun fi yawo a farkon damina da lokacin kaka. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, da kasa, suna kwanciya a tarin itace, gindin kututture da busasshen ganye, kumurci kuma yana hawa bishiya yana shiga kogo da suri. Mata masu tsintar kaɗanya da duku-duku suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Takalmin roba mai tsawo, tocila, da juya itace da sanda kafin a sa hannu suna hana da yawa. Idan an yi sara, a cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi da ɗan katako, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba a ɗaurewa tam, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama garau a ranar farko, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi, fitsari ko cikin kai. A asibiti ana zuba jini a kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki. Idan kumurci ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 sannan a tafi asibiti.

Wa ya kamata ya bar hawa?

Mai farfaɗiya, ko yana shan magani. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga, idan bai ci abinci ba. Wanda aka fara wa sabon maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, har sai an ga ba ya sa shi jiri. Mai juna biyu, mai ƙarancin jini, da wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa cikin 'yan kwanakin nan. Sai wanda ya sha maganin mura mai sa barci. Tiramol da wasu leburori ke sha don ƙarfin aiki tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, kuma tana toshe gajiyar da ya kamata ta gargaɗe shi.

Idan an faɗo

Ɗaga mutum a zaunar da shi, a mimmiƙe shi, a girgiza shi don ya farfaɗo, sannan a sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur: wannan shi ne abin da aka saba, kuma shi ne ke mayar da karayar baya ta zama shanyewar jiki ta har abada. Laka tana bi ta cikin ƙashin baya. Ƙashin yana iya karyewa lakar ta tsira, sai a wajen ɗauka karyayyen ƙashin ya yanke ta. A nan kam da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku ɗauka duk wanda ya faɗo daga sama da mita 3, ko reshe ya faɗo masa a ka, yana da rauni a wuya ko baya har sai hoto ya nuna babu. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu yadda ya yi daidai da jiki. A samo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, a sa naɗaɗɗen zane a gefe biyu na kai, a ɗaure shi da katakon a goshi da ƙirji da ƙugu da ƙafa. Bayan a-kori-kura ya fi kujerar ƙaramar mota. Idan zai yi amai a karkata katakon duka. Kada a ba shi ruwa ko abinci, don mai yiwuwa a yi masa tiyata. Inda jini ke zuba a danna da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Ko mutum ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, a kai shi asibiti a ranar idan akwai ɗaya daga waɗannan:

- suma ko ta ɗan lokaci ce, ko rashin tuna abin da ya faru
- amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ko jijjiga
- jini ko ruwa daga kunne ko hanci
- ciwon wuya ko baya, mutuwar hannu ko ƙafa, jin kamar tafiyar kiyashi, ko kasa riƙe fitsari
- ciwon ciki, ciwon kafaɗar hagu, gumi mai sanyi, ko jini a fitsari
- wahalar numfashi

Akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da ke barin mutum ya farfaɗo ya yi hira na 'yan awanni, sannan ya sake faɗuwa. Kada a bar wanda ya bugu a ka ya kwana shi kaɗai a daren farko.

Game da ɗori, a fara yin hoton ƙashi. Gaɓar da ta karye tana kumbura, kuma idan aka ɗaure ta da kara tam jini ya daina shiga, cikin awa 6 tsoka ta fara mutuwa. Ciwo mai ƙaruwa bayan ɗauri, yatsu masu sanyi ko baƙi ko marasa ji, alama ce a kwance nan take a tafi asibiti. Yaran da ake yanke wa hannu bayan faɗowa daga mangwaro, da yawansu ɗaurin ne ya kashe hannun, karayar kanta mai gyaruwa ce. Karayar gwiwar hannun yaro, karayar da ƙashi ya huda fata, da ta baya ko ƙugu, na asibiti ne kai tsaye, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa.

Saran adda da sukar ƙaya a wanke su da ruwa mai yawa da sabulu. Toka, ƙasa, kashin shanu da baƙin mai ba sa tsayar da komai, sai dai su shigar da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, wadda a asibiti ake kira tetanos, mai bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Idan raunin mai datti ne kuma allurarka ta ƙarshe ta wuce shekara 5, kana buƙatar wata. Wanda bai taɓa yi ba ana haɗa masa da allurar kariya ta gaggawa. Idon da reshe ko ƙayar aduwa ta soka a rufe shi da kofi mai tsabta ba tare da dannawa ba, kada a ɗiga masa komai daga kemis, a ga likitan ido a ranar, domin raunin tsiro yana shigar da cutar da ke cinye baƙin ido.

Wanda ya bugu a ka kada ya koma hawa ko riƙe inji muddin yana jin jiri, ciwon kai ko gani biyu-biyu, sai likita ya sallame shi. Dattijo kuma a sa masa ido har wata biyu zuwa uku. Idan ya fara mantuwa, jan ƙafa, ko canjin hali, a koma asibiti a faɗa wa likita cewa ya taɓa faɗowa, don jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma ana zuƙe shi da ƙaramar tiyata.